Java: Kofin Gahawar Da Ya Sace Mini Zuciya

Duk wanda ya tashi a Tambuwal ko Kebbe a zamanin ƙananan wayoyin Nokia ya san tambayar da ake fara yi kafin a taya waya: "Tana da Java?" In mai waya ya ce a'a, ciniki ya mutu tun ba a fara ba. Ina tuna daren da yayana ya dawo daga Sakkwato da wata 'yar Nokia, muka kewaye shi a kan tabarma a ƙofar gida. Ya danna wasan ƙwallo, sai ga hoton ɗan kofi yana tururi ya bayyana kafin wasan ya buɗe. A waccan wayar muka san Opera Mini, a cikinta muka raba dare muna hira a 2go da abokan Dogon Daji da na Jabo. Ban san cewa kofin nan tambarin wani harshen rubuta manhaja ba ne sai da na girma na zauna gaban kwamfuta. Tun daga ranar nan har yau, wallahi ban ga na biyun Java ba!

Asalinta ma abin sha'awa ne. A shekarar 1991 wani injiniya ɗan Kanada, James Gosling, da abokan aikinsa a kamfanin Sun Microsystems na Amurka suka fara ƙirƙirar harshen da zai sarrafa kayan lantarki na gida. Sunan farko da ya raɗa masa shi ne Oak, saboda wata bishiya da ke wajen ofishinsa. Da aka tarar wani kamfani ya riga su rajistar sunan, sai aka koma Java, sunan gahawar da ake dangantawa da tsibirin Java na Indonesiya. Ka ji mafarin kofin. Aka fito da ita fili a 1995, daidai lokacin da intanet ke buɗe ido, ta kuwa kama kamar wutar daji. A 2010 kamfanin Oracle ya saye Sun, Java ta koma hannunsa, kuma yanzu duk bayan wata shida sabon zubi ke fitowa, a Maris da Satumba.

Abin da ya fi burge ni shi ne alƙawarin da ta ɗauka ta kuma cika: ka rubuta manhajarka sau ɗaya, ta yi aiki ko'ina. Java ba ta magana da na'ura kai tsaye. Takan mayar da abin da ka rubuta wani rubutu na tsaka-tsaki, sannan wani tafinta da ake kira JVM ya karanta wa kowace na'ura da yarenta. Shi ya sa wasa guda yake shiga Nokia, a tura shi ta Bluetooth a rumfar mai cajin waya, ya buɗe a Sony Ericsson. Shi ya sa aikin da ka yi a kan Windows zai tashi a kan Linux ba gardama. Kai, wannan basira da me ta yi kama!

Sai kuma tsarinta na gina komai a kan abubuwa, wanda nan ne zuciyar harshen take. Dubi mai buga bulo: akwatin ƙarfe ɗaya gare shi, amma bulo dubu zai fitar da shi, kowanne da siffar akwatin. Akwatin nan shi ne abin da masana ke kira kilas, kowane bulo kuma abu ne mai zaman kansa. A ce wani makiyayi a Kuchi yana son manhajar lissafin dabbobinsa. Sai ka ƙera kilas ɗaya mai suna Dabba, ka ba shi shekaru da nauyi da ranar rigakafi. Saniya da Akuya da Tunkiya duk su gaji waɗannan daga Dabba, kowacce ta ƙara nata, saniya ta zo da lissafin nono. Gado ke nan, ba sai ka maimaita rubutu ba. Akwai kuma rufin asiri: kuɗin da ke cikin abu kamar na hannun uwar adashe ne, ba mai taɓa su sai ta hanyar da aka yarda. Bahaushe ya san gado, ya san amana, don haka wannan tunani ba baƙonsa ba ne.

Wasu na cewa Java ta cika dogon bayani. Ni kuwa nan nake ƙara sonta. In ka ce wannan mazubi na lamba ne, ba za ta bari ka zuba suna a ciki ba, tun kafin manhajar ta tashi za ta tsayar da kai ta nuna maka layin da ka yi kuskure. Malama ce mai tsanani wadda ɗalibanta ke gode mata daga baya. Ga ta da mai shara nata na kanta, wanda ke bi yana kwashe abin da aka gama amfani da shi a ƙwaƙwalwar na'ura ba tare da ka sa baki ba.

Ta haura shekara 30, amma har gobe tana tashe. Manyan bankunan duniya sun jingina da ita. Da ita aka rubuta wasan Minecraft. Da ita aka gina ɗimbin manhajojin Android, kuma ita da harshen Kotlin da Google ya fifita tun 2019 tafiya ɗaya suke yi, don a kan tubalin Java ya ginu. Ashe wayar da ke aljihun mai sayar da albasa a bakin titin Jega ba ta rabu da ita ba.

'Yan uwana matasan Tambuwal da Kebbe, maza da mata, kayan koyon Java kyauta ne, OpenJDK na nan ga duk mai so. Ana karatun kimiyyar kwamfuta a Jami'ar Usmanu Danfodiyo, ga kuma shirin koyar da fasaha na 3MTT da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a 2023. Da tsohuwar kwamfuta da haƙuri za ka fara. Mun daɗe muna more manhajar da wasu suka rubuta. Ku zo mu rubuta wadda za ta riƙe wa manominmu lissafin buhunansa, da hannunmu, a garinmu. Allah ya ba mu sa'a.