Mafici Mai Naɗewa na Holan da Maficin Kaba na Ƙasar Zuru

Bahaushe ya san ƙasar Holan ta wajen atamfa, amma bai cika sanin maficinta ba. A gidan tarihi na Rijksmuseum da ke birnin Amsterdam akwai tsofaffin mafitai masu naɗewa, da yawansu na ƙarni na 18. Siraran tsinkayen katako ko na hauren giwa ne aka haɗa gindinsu da ƙusa ɗaya, sa'an nan aka manna musu takarda mai ninki. In an buɗe sai ya baje kamar wutsiyar ɗawisu, in an rufe ya koma 'yar sanda.

Wannan dabara ba ta mutanen Holan ba ce. A Japan aka ƙago ta, Turawan Fotugal suka kai ta Turai a ƙarni na 16. Daga baya kamfanin cinikin gabas na Holan, wanda aka kafa a 1602, ya riƙa jigilar kayan Sin da Japan, har masu zane na gida suka shiga kwaikwayon salonsu. Abin da suka ƙara shi ne hoto: makiyaya a bakin rafi, furanni, da ƙissoshin annabawa kamar ta Annabi Yakubu.

To, a nan ne ƙarfin wannan mafici yake, a nan ne kuma rauninsa. Kyansa na bisa takardar ne, wato ana iya ɓare ta a rataye a bango ba tare da zanen ya ragu da kome ba. Ninkin ma yakan tsinka hoton, ya ratsa fuskar mutum biyu, kuma daga nan takardar ke fara yagewa. Saboda haka ado ne ya hau kan amfani, ba su zama abu guda ba. Dangin figini ne, wato maficin gashin jimina da Tarihin Kano ya ce Sarki Muhammadu Rumfa (1463-1499) ya fara: ana ɗaga shi don a san wane ne, ba don gumi kaɗai ba.

Maficin kaba da ake sayarwa a kasuwar Zuru, kamar sauran kasuwannin Arewa, dabam yake. Ba a liƙa masa ado daga waje. Masaƙi kan rina wasu zaruruwan kaba, ja ko kore, ya saƙa su tare da farare, don haka zanen shi ne jikin mafici. In aka zare shi, mafici ya warware. Da shi ake hura gawayi, a kore wa jinjiri ƙuda, a yi wa baƙo fifita a bazara. In dai gwaninta ita ce daidaita kyau da aiki, to, masaƙin kaba ba shi da abin jin kunya gaban mai zanen Holan.

Duk da haka akwai inda na Holan ya yi fintinkau: an adana shi. An rubuta zamaninsa da kayan da aka yi shi da su, har a Ingila aka buɗe wa mafitai gidan tarihi nasu a Greenwich cikin 1991. Na kaba kuwa, in ya tsufa sai murhu. Ƙasar Zuru ta riga ta ɗanɗana irin wannan asara, domin tukwanen kabari na Lelna, waɗanda Hausawa ke kira Dakarkari, da yawa sun tafi hannun masu tara kayan tarihi a ƙetare. Su dai an kwashe su ne don an ga darajarsu. Mafici kuwa raini ne zai ɓatar da shi, ga kuma na roba ya shigo kasuwa.

Ya kamata masu nazarin al'ada su tattara mafitan kowace gunduma, su rubuta sunan masaƙi da garinsa da shekara da sunan kowane salon saƙa, tun masu sanin sunayen suna raye. Takarda ta fi kaba rauni, amma ta yi shekara fiye da 200, don ta sami mai kula da ita.