Jinjina ga Masu Ɗaurin Sandar Fatsa

A Amurka akwai masu kamun kifi da ba sa sayen sanda gamammiya. Sandar zalla suke saya, su ɗaura mata ƙananan zobban da igiyar fatsa ke bi ta ciki, ɗaya bayan ɗaya, da zaren nailan. Abin da ya fi burge ni shi ne ko abin da suke ɗora sandar a kai, da hannunsu suke haɗa shi.

Wani daga cikinsu kwali kawai yake samu, ya yanka baki mai siffar V a gefe biyu, sanda ta kwanta a ciki. Mai ɗan hali kuma ya yi na katako, ya shimfiɗa ƙyalle mai laushi a bakin don kada sandar ta karce. Dabarar zaren ta fi komai daɗi: a jefa ƙwaryar zaren cikin kofi, a ratsa zaren ta tsakiyar littafi mai kauri. In ana son ya ƙara tsauri, a ɗora wani littafin a kai. Da yatsu ake juya sandar, kowane zagaye ya manne da ɗan'uwansa ba giɓi, ba hawa kan juna. Wannan aiki sai mai haƙuri.

Bayan ɗauri sai a shafa gam mai sheƙi. Dole sandar ta yi ta juyawa a hankali na sa'o'i har ya bushe, in ba haka ba ya taru gefe guda. Nan ma wasu injin juya faranti na tsohon maikirowef suke cirowa su ɗaura.

Da hannun irin waɗannan mutane ne sandar da zobenta ya karye take komawa ruwa maimakon bola. Allah ya ƙara basira.