Kurtun da ke bayan kanta

Zuru gari ne na masu kaki. Tun zamanin Turawa samarin Dakarkari ke shiga aikin soja da na ɗan sanda, kuma wanda ya yi golmo, ya shafe shekaru yana noma gonar surukai, ba sai an koya masa juriya ba. Sharuɗɗan ɗaukar kurtun ɗan sanda kuwa sanannu ne: shekara 18 zuwa 25, kiredit biyar har da Turanci da lissafi, tsayin mita 1.67 ga namiji, 1.64 ga mace.

Amma gwanintar da ta fi burge ni a bayan kantar ofishin 'yan sanda take, wajen ɗaukar bayani. Manomi ya taso daga Dabai ko Ribah, an yi masa ɓarna a gona, ransa a ɓace. Maganarsa rabi Dakarci, rabi Hausa, ya kuma faro ta daga rikicin bara. Wanda ake ƙara wataƙila Fulatanci ya fi ji. Takardar da za ta je kotu kuma galibi da Turanci ake rubuta ta. Kurtu nagari yakan ce, "Baba, zauna ka huta tukuna," ya bar shi ya amayar da abin da ke cikinsa. Sannan ya bi zancen daki-daki: wace rana, kafin la'asar ko bayanta, shanu nawa, wa ya gani da idonsa, wa kuma labari ya ji. Raba gani da ji shi ne wuri mafi wuya, domin mai fushi haɗe su yake yi ba tare da nufin ƙarya ba. In ya gama rubutu, sai ya karanta wa mutumin da harshen da yake ji kafin ya dangwala yatsa.

Kurtu nagari yana kuma riƙe da doka a ka. Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta hana kama uba ko mata a madadin wanda ake nema, ta hana kama mutum kan bashi zalla. Tsarin mulki ya ce a kai wanda aka tsare gaban alƙali cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tazarar kilomita 40. Beli kyauta ne.

A masarautar Zuru, inda hare-haren 'yan bindiga suka addabi Danko-Wasagu da Sakaba, mutanen ƙauye ba sa kai rahoton baƙuwar fuska sai ga wanda suka tabbata zai saurare su, ya kuma rufa musu asiri.