Tsawon Gashi Ya Fi Lamba: Nazari Kan Buroshin Zanen Farce

Farcen babban yatsan mace da ƙyar faɗinsa yake wuce santimita ɗaya da rabi, na ɗan ƙaramin yatsa kuwa bai cika kaiwa santimita ɗaya ba. A wannan ɗan fili mai zanen farce take dasa fure da ganye da layuka, ga filin a lanƙwashe, ga santsi, ga mai farcen tana motsi. Shi ya sa a wannan sana'a zaɓen buroshi yake zama rabin aikin.

Kowane sabon kayan aiki da ya shigo sana'ar da irin buroshinsa ya zo. Jan farcen da kamfanin Revlon ya fara sayarwa a Amurka a 1932 ɗan buroshin cikin kwalba ya ishe shi, tunda shafe kawai ake yi. A 1954 wani likitan haƙori, Fred Slack, ya gyara farcensa da ya karye da sinadarin aikin haƙora, daga nan aka samu hanyar gina farce da akirilik. Farce ya yi tsawo, fili ya ƙaru, zane ya samu wurin zama. Duniya ta ga haka a gasar Olamfik ta Seoul a 1988, lokacin da 'yar tseren Amurka Florence Griffith Joyner ta fito da zara-zaran faratanta masu launi. Daga baya jel ya yaɗu, wanda ba ya bushewa sai an sa hannu ƙarƙashin fitilarsa, sai mai zane ta samu sukunin yin aiki a tsanake. Masu sana'ar a Japan da Koriya ta Kudu sun yi fice a irin wannan zane mai laushi.

Abin da ya fi rikita 'yan koyo shi ne lambar da ke jikin marikin buroshi. Ba a yi ittifaƙi a kanta ba: lamba 8 ta wannan kamfani tana iya zama 10 a wurin wancan. Kuma lambobin ba abu guda suke aunawa ba. A buroshin akirilik, lamba kaurin gashi take nunawa. Mai koyo gara ta tsaya a 8 ko 10, domin babban buroshi ruwa yake sha da yawa, sai ƙullin akirilik ɗin ya yi ruwa-ruwa ya malale kan fata kafin ta daidaita shi. Gwanaye ne ke hawa 12 da 14 saboda sauri. Mafi daraja a irinsu shi ne wanda ake kira kolinski, gashin jelar wata 'yar dabba ta Saiberiya da arewacin Sin, yana riƙe ruwa kuma yana komawa tsininsa bayan an danna shi. Jel kuwa gashin roba ya fi dacewa da shi.

Inda hankalina ya fi karkata shi ne siririn buroshin jan layi, domin a nan zanen yake. Shi da milimita ake auna tsawon gashinsa: 5, 7, 9, 11, har zuwa 20 da ɗoriya. Kusan duk mai koyo takan ɗauka cewa layi siriri sai da mafi ƙanƙantar buroshi, ta ruga ta sayi mai lamba 000 ko mai gajeren gashi. A ganina wannan ne kuskuren da ya fi ɓata wa mutane lokaci. Gajeren gashi ba ya ɗaukar fenti da yawa, sai ya ƙare a tsakiyar layi, a ɗaga hannu a sake tsomawa, a bar gaɓa a inda aka haɗa. Sannan duk wata rawar da hannu ya yi, kai tsaye yake isar da ita kan farce. Dogon gashi kuwa yana kwanciya ya biyo bayan hannu, ya shanye rawar kafin ta kai tsini, ya ja layi daga gindin farce zuwa bakinsa a shiɗe guda. Gajere wurinsa daban: kwana mai tsauri, ƙwayar fure, jijiyar ganye, inda ake son tsini ya juya nan take.

Mai kallon gwana a bakin aiki zai ga ba ta tsoma buroshin a kwalba. Takan ɗiga fentin a kan faranti, ta ja gashin a ciki tana murza mariki tsakanin yatsunta har ya jiƙu daga sama zuwa ƙasa ba tare da ɗigo ya taru a baki ba. Sai ta kafa ɗan ƙaramin yatsanta a kan hannun da ke riƙe da yatsan mai kwalliya, ta ɗora tsinin, ta ja. Idan layin zai ratsa farcen a kwance, sau da yawa buroshin yana tsaye cak, yatsan take mirginawa a ƙarƙashinsa. Kaurin layi kuma daga nauyin hannu yake fitowa: a danna ya buɗe, a sassauta ya tsuke. Da buroshi uku, dogo da gajere da mai faffaɗan baki na shafe, da ɗan ƙarfen ɗiga ɗigo, ana fitar da mafi yawan zanen da ake yayi. Kwalin nan mai buroshi goma sha biyar da ake tallatawa, rabinsa a aljihun tebur yake tsufa.

Buroshi mai kyau ma yana lalacewa da wuri idan ba a san shi ba. Ruwan goge farce yana busar da gashin dabba ya tarwatsa shi, don haka na akirilik da ruwan akirilik ɗin ake wanke shi. Na jel idan aka bar shi a rana ko kusa da fitila, ya daskare ke nan.

A ƙasar Hausa wannan ado bai samu gindin zama irin na lalle ba, kuma dalilin a fili yake: jan farce da farcen kanti suna hana ruwan alwala isa ga farce, lalle kuwa rini ne da ba ya tare ruwa. Amma ilimin tsini ba baƙo ba ne a hannun masu ƙunshi. Mai zanen lalle ta san yadda ake yanke bakin leda, ta san idan ramin ya yi faɗi fulawa ta cuɗe, idan ya matse lalle ya toshe. Wadda ta taso daga nan ta ɗauki buroshi tana da ido da natsuwar hannu tun tuni. Abin da za ta koya sabo shi ne cire matsi. Leda sai an matsa take fitar da lalle, kuma bakinta yana tafiya a saman fata da ɗan rata. Buroshi kuwa a kan farcen yake kwanciya, yatsu su yi sakwa-sakwa da mariki, fentin ya sauko da kansa gwargwadon tsawon gashin da aka zaɓa.