Saida ta New Bell: Sai a Faris Ake Samun Mafita?

A shekarar 1996 Calixthe Beyala, wadda aka haifa a Duwala a 1961 ta kuma tashi a unguwar New Bell, ta fitar da littafinta na Faransanci mai suna Les Honneurs perdus, wato mutuncin da ya salwanta. A wannan shekara littafin ya ci babbar lambar ƙagaggun labarai ta Majalisar Harshen Faransanci.

Labarin wata Musulma ce, Saida Benerafa. Mahaifinta ɗa namiji ya sa rai, sai ga mace. Ta girma ba karatun boko, ba sana'a, ba miji, abin tinƙahonta kaɗai budurcinta. Tana da shekara 50 ta tafi Faris, ta sauka a unguwar Belleville, ta yi aikatau, ta shiga ajin yaƙi da jahilci.

Ƙarfin littafin yana nan: ya nuna cewa talauci ba shi ne babban shingen Saida ba. Shingen shi ne an koya mata jira, a zo a aure ta, a yanke mata shawara. Ranar da ta fara haɗa baƙi da kanta, ranar ta fara mallakar rayuwarta. Uban da ya hana 'yarsa makaranta da sunan tsare mutunci ya kamata a karanta masa wannan labari. Gemu ba ya hana ilimi, furfurar mace ma haka.

Amma littafin yana da rauni. Beyala ta mai da New Bell wurin ba'a, inda babu komai sai kwata, tsegumi da camfi, har mai karatu ya ɗauka ba mai ci gaba sai wanda ya ƙetare teku. Tarihi bai yarda da haka ba. Jamusawa ne suka keɓe wurin a 1914 don su kawar da mutanen Duwala daga bakin kogin Wuri, sai ya zama masaukin baƙi: Hausawa, Bamileke, Basa da sauransu. Lynn Schler ta nuna a littafinta na 2008 yadda waɗannan baƙi, da gwamnatin mulkin mallaka ta yi watsi da su, suka tsara zamansu da kansu. Hausawa sun kafa masallatai da makarantun allo, sun riƙe fatauci da sana'ar fawa. Irin waɗannan mutane ba su sami gurbin da ya dace da su a labarin ba.

Illar wannan ba ƙarama ba ce, domin matasa da yawa sun halaka a hamada da teku suna neman Turai. Abin da ya 'yantar da Saida karatu ne, ba Faris ba. Ajin da ta samu a Belleville ana iya buɗe shi a zauren kowane mai unguwa a New Bell.