Gayyar Masu Fasa Ƙwayar Zarra

Duk wanda ya tashi a Bande, ko a ƙauyukan da ke tsakanin Magariya da Dungas, ya san gayya. Idan ciyawa ta fi ƙarfin mai gona a tsakiyar damina, sai ya aika wa samari, mata su dama fura, makaɗi ya rataya ganga, kafin azahar an gama noman da zai ci mutum ɗaya mako biyu. Ba a cewa wane ne ya nome gonar. Amma makaɗi yana lura da wanda ya riga kowa kai kunyarsa ƙarshe, shi yake yi wa kirari. Na daɗe ina ganin babu sana'ar zamani da ta yi kama da wannan kamar ta masanan fizik masu binciken karon ƙwayoyin zarra, har ma da rigimar da ke cikinta ta wa ya cancanci kirari.

Sana'ar ta faro da mutum uku. A 1909, a Manchesta ta Ingila, Hans Geiger da Ernest Marsden, ƙarƙashin malaminsu Ernest Rutherford, sun riƙa harbin wani fallen zinariya da ƴan ƙananan ƙwayoyi. Yawancinsu suka ratsa suka wuce, ƙalilan suka dawo da baya. Daga nan Rutherford ya gane, a 1911, cewa nauyin zarra ya dunƙule ne a wata ƴar cibiya, sauran duk sarari ne. Dabarar ba ta canza ba har yau: abin da ido ba ya iya gani, a jefe shi da ƙarfi, a karanta tartsatsin.

Girman kayan aikin ne ya canza. A cibiyar CERN da aka kafa a 1954 kusa da Janeba, akwai rami zagayayye mai tsawon kilomita 27, kimanin mita 100 a ƙarƙashin ƙasa, ya ratsa iyakar Faransa da Suwizalan. A cikinsa injin LHC yake kora ƙwayoyin furoton da gudun da ya kusan kai na haske, suna kewaya ramin sau dubu 11 da ɗoriya a daƙiƙa guda, sannan a gwara su da juna. Maganaɗisun da ke riƙe su a kan hanya sai an sanyaya su zuwa digiri 271 ƙasa da sifili. A wasu makonni na shekara kuma, cibiyoyin zarrar dalma ake gwarawa. Zafin karon yakan narkar da furoton da niyutoron, ƙwayoyin da ke cikinsu, kuwak da guluwon, su kwance na ɗan ƙiftawa, yanayin da masana ke cewa halitta ta kasance a ciki a farkon farawarta. An zaci abin zai fita kamar hayaƙi. A 2005 masanan Brookhaven a Amurka, masu gwara zinariya a injin RHIC, suka sanar cewa kwarara yake kamar ruwa. Ina son wannan labarin domin yana nuna abin da ya sa ba a yarda da lissafi kaɗai sai an gwada.

To, yaya rayuwar mai wannan sana'a take? Ɗalibin digirin dakta da ya shiga ATLAS, ɗaya daga cikin ƙungiyoyin binciken LHC, mai masana kusan dubu uku, ba a sa sunansa a kan takardun bincike sai ya yi kimanin shekara guda yana hidima: gyaran manhaja, daidaita awon wani sashe na na'urar da ke karanta karon, kwanan gadi a ɗakin lura da injin. Bayan haka sunansa zai riƙa fitowa a kan kowace takarda ta ƙungiyar, ko ya sa hannu a wannan binciken ko bai sa ba, kuma jerin sunayen bisa tsarin baƙaƙe yake, babu babba babu yaro. A watan Mayu na 2015 ATLAS da takwararta CMS sun fitar da takarda ɗaya a kan nauyin ƙwayar Higgs mai ɗauke da sunaye 5,154. Shafi tara ne binciken, shafi 24 sunaye da cibiyoyinsu.

Akwai adalci a wannan al'ada, kuma ina girmama ta. Wanda ya kwana yana gadin waya da wanda ya zana jadawalin ƙarshe duk noma suka yi. Amma tana da rauni, kuma matasa ne raunin ke ci. Idan suna dubu uku ne a kan takarda, mai ɗaukar aiki ba zai gane gwani daga takardar ba. Sai ya dogara da wasiƙar shaida daga manya da kuma wanda aka tura ya yi jawabi a taro. Kirarin ya koma hannun ƴan tsiraru ke nan, a bayan fage. Matashi yakan shekara shida ko takwas yana yawo daga kwantiragin shekara biyu zuwa na shekara uku, daga ƙasa zuwa ƙasa, da yawa kuma a ƙarshe su koma kamfanonin kwamfuta. Ko kyautar Nobel ba ta iya ɗaukar gayya, don ba ta wuce mutum uku: an sanar da gano ƙwayar Higgs ranar 4 ga Yuli 2012, kyautar 2013 ta tafi ga François Englert da Peter Higgs, waɗanda suka yi hasashenta tun 1964. Sai a 2025 kyautar Breakthrough ta ambaci ƙungiyoyin LHC huɗu baki ɗaya.

Yaron da ya fito daga Bande, ya ci jarrabawar bak, ya karanta fizik a jami'a, yana da hanyar shiga? Akwai wanda ya taka irinta daga Afirka ta Yamma. Ketevi Assamagan ɗan Togo ya yi digirin farko a Lome, ya yi dakta a Jami'ar Bajiniya a 1995, yau yana Brookhaven yana aiki da ATLAS. Abin da ya fi burge ni a tarihinsa shi ne bai tsaya a kan kansa ba: yana cikin waɗanda suka kafa makarantar fizik ta Afirka, wadda ta fara zama a Afirka ta Kudu a 2010, ta zo Kumasi a 2012, ta je Dakar a 2014. Amma hanyarsa ta bi ta ƙetare ne, domin ƙasa ko jami'a ce ke shiga ƙungiya, ta biya kasonta. Maroko ta shiga ATLAS tun 1996. Ɗalibinta yana iya yin aikin daga Rabat.

Wani zai ce ƙasar da ke fama da wuta ina ruwanta da kuwak. Maganar tana da nauyi, kuma babban masanin fizik na Nijar ya amsa ta da rayuwarsa. Abdou Moumouni, haifaffen Tasawa a 1929, ya yi karatu mai zurfi a Faransa, ya zaɓi hasken rana, ya shugabanci hukumar hasken rana ta ONERSOL daga 1969, yau jami'ar Yamai sunansa take ɗauke da shi. Ban ga kuskure a zaɓinsa ba ko kaɗan. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a mayar da zaɓin mutum ɗaya doka a kan kowane yaro mai kaifin ƙwaƙwalwa.

Kuma Nijar ta daɗe a cikin wannan gayya. Wutar da CERN ke sha a shekarar aiki ta kai terawat-awa 1.3, ba ta da nisa da abin da Nijar duka ke sha a shekara. Daga layin wutar Faransa take jawo ta, mafi yawan wutar Faransa kuwa daga tashoshin nukiliya ne, waɗanda yuraniyom ɗin Arlit ya shafe shekaru yana taimakawa wajen ciyar da su, daga 1971. Mun kai fura gona, ba mu riƙe hauya ba. Tun 2014 CERN take sakin wani ɓangare na bayanan karon a intanet kyauta ga kowa. Ɗalibi a jami'ar Damagaram ko ta Maraɗi zai iya zana jadawalin da ke nuna ƙwayar Higgs da hannunsa idan ya sami kwamfuta, da wutar da ba ta yankewa, da malami ɗaya da ya taɓa kwana a ɗakin gadin nan ya dawo gida.