Sifilin da MAP ta jingina da shi

Tun da hukumar IANA ta raba ragowar adireshin IPv4 a watan Fabrairun 2011, kamfanonin intanet ke neman dabarar da gidaje da yawa za su yi tarayya a kan adireshi ɗaya. Ɗaya daga cikin dabarun ita ce MAP, wadda ƙungiyar IETF ta fitar a watan Yulin 2015 cikin RFC 7597 da RFC 7599. Ana yanka wa kowane gida kasonsa na ƙofofin sadarwa, sannan a cusa bayanin kason cikin adireshinsa na IPv6. A Japan ana aiki da ita sosai.

A tsakiyar adireshin IPv6 ɗin akwai wani ɗan gurbi, lambar ƙaramin rukuni. A ce kamfani ya ware bit 40 na farko, ya ɗora 16 masu ɗauke da wutsiyar adireshin IPv4 da lambar kason ƙofofi. An kai 56 ke nan. Saura 8 a cika 64, wato rukuni 256 da mai gida zai raba yadda ya ga dama. To, wanne ne na MAP? Takardar RFC 7597 ta yanke hukunci: na farko, wanda duk bit ɗinsa sifili ne.

A ganina hukuncin daidai ne, don MAP ba ta ajiye rajistar kowa. Na'urar kan iyaka ta kamfani tana duba adireshin IPv4 da lambar ƙofa ne kawai, ta yi lissafi, ta gano gidan da saƙo zai je. Da an bar wa kowane mai ƙera rauta zaɓi, wannan ya ɗauki rukuni na ɗaya, wancan na ƙarshe, da saƙo ya iso gida ya rasa mai karɓa. Mai gida ya yi asarar rukuni ɗaya cikin 256, kuma farashin bai yi tsada ba.

Inda al'adar rubuta irin waɗannan takardu ke da rauni shi ne bakin iyaka. Idan rabon gida ya kai bit 64 cif, gurbin ya ɓace ɗungurungum, sai adireshin MAP ya zauna a rukuni ɗaya da sauran na'urorin gidan. Idan ya zarce 64, sai ya hau kan sashen da ke biye, wanda ya fara da sifili 16 kafin adireshin IPv4. Takardar ta ambaci hakan a taƙaice, amma injiniyan da ke rubuta manhaja misali mai lambobi yake buƙata, irin wanda aka ba shi a kan bit 56. Tun 1997 RFC 2119 ta bambance abin da yake wajibi da wanda ake so da wanda aka halatta. Kalmar wajibi ba ta hana mutum biyu su fahimci jimla ɗaya daban-daban, kuma a kan bit 64 da abin da ya zarce ne aka fi buƙatar misalan lissafi a cikin takardar kanta.